Tsayin Sarewa Ko Kunnen Mai Busa? Sake Duban Gudummawar Pannalal Ghosh

Akwai ra'ayin da ya yi kaka-gida a rubuce-rubuce kan kiɗan gargajiyar arewacin Indiya, cewa abin da Pannalal Ghosh (1911-1960) ya yi wa sarewar gora, wato bansuri, aikin sassaƙa ne: ya tsawaita ta zuwa kimanin inci 32, ya ƙara mata huji na bakwai, shi ke nan ta bar hannun makiyaya ta hau dandalin manyan makaɗa. A ganina wannan ra'ayi ya kama reshe ya bar tushe.

Tarihin Ghosh sananne ne: haihuwa a Barisal, aiki a kamfanin fim na New Theatres a Kalkata, ƙaura zuwa Bombay a 1940, sai jagorancin ƙungiyar makaɗan gidan rediyon Indiya a Delhi daga 1956.

Abin tambaya shi ne, me ya kai shi neman doguwar gora tun farko? Gajeriyar sarewa muryarta siririya ce, ba ta iya ɗaukar tsarin kiɗa irin Darbari, wanda ke buɗewa a hankali cikin kakkauran amo. Ghosh ya yi karatu a hannun mawaƙi Girija Shankar Chakrabarty, kuma da alama muryar mawaƙin salon waƙar da ake kira khayal yake farauta a cikin gora. Mai busa irin wannan salo yakan janye yatsa daga kan huji sannu a hankali, har sauti ya zame zuwa na gaba ba tare da ya tsinke ba. Wannan horon kunne ne da yatsa, gora ba ta koyar da shi.

Masu wancan ra'ayi za su ce ai doguwar sarewar ta riga zaman Ghosh almajirin babban malamin kiɗa Allauddin Khan a 1947, don haka kayan busar ne suka ja gaba. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ta tilasta mini rage da'awata: ban ce daga Allauddin Khan tunanin tsawaita sarewar ya fito ba. Iyakar abin da nake karewa shi ne buƙatar waƙa ce ta haifi tsayin, horo kuma ya ba shi amfani. Ko mai busa sarewa Hariprasad Chaurasia, da ya tarar da doguwar sarewa a shirye, sai da ya durƙusa gaban Annapurna Devi, 'yar Allauddin Khan.

Saboda haka mazaunin Ghosh a tarihi yana sahun malaman kiɗa, can ya kamata manazarta su neme shi.