Kayena da Hanyar Zariya

A ƙasan adakata akwai kaye uku da na cika da bik shuɗi, labari guda ne, tun ina sabon mushe a lakwal a nan Matamaye. Ranar da na kai aya ta ƙarshe na tambayi kaina wa zan miƙa wa, sai na rasa. Yamai ta yi nisa, kuma a lokacin wanda ke son a san shi da Faransanci yake rubutu. Ko Abdoulaye Mamani, ɗan gabashin nan, sai a Faris aka buga masa *Sarraounia* a 1980. Mai rubutu da Hausa kudu yake duba: ya bi ta Ɗan Barto, ya ratsa Daura, ya nufi Kano ko Zariya.

A Zariya wannan al'ada ta kai rubutu gaban edita ta fara. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Talifi, ya bi garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labari su aiko, za a yi gasa. Abin ya yi masa wuya, don malamin wancan zamani yana ganin ƙagaggen labari tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare. Duk da haka aka samu littattafai biyar, cikinsu har da *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, wanda yake ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

East ba karɓa kawai yake yi ya kai wa injin ɗab'i ba. Yakan karanta, ya soke, ya mayar wa mutum ya sake. A *Jiki Magayi* hannunsa ya shiga har sai da sunansa ya hau bango tare da na John Tafida. Imam kuwa, East ya sa aka ɗauko shi daga Katsina a 1936, ya zauna Zariya ya rubuta *Magana Jari Ce*, yana rubutawa ana dubawa. Wasu na cewa Baturen ya cika shisshigi. Ni dai da na samu mai yi wa kayena irin wannan shisshigin, da na gode Allah.

Daga baya aka yi kamfanin ɗab'i na Gaskiya a 1945, aka yi hukumar talifi ta NORLA, aka yi kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Gasar NNPC ce ta fito da *So Aljannar Duniya* na Hafsatu Abdulwaheed a 1980. Amma ƙofar ƙarama ce, masu jira da yawa. Da matasan Kano suka gaji, sai suka koma buga abinsu da kuɗin aljihunsu, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi da *In Da So Da Ƙauna*. Irin waɗannan littattafan ne fatake suka riƙa shigo mana da su cikin kwali, 'yan mata na karɓar haya suna ɓoyewa a ƙarƙashin filo.

Ni ma na gwada wannan hanyar. Na shiga mota zuwa Kano da kayena cikin leda, na sami wani mai ɗab'i a lungu, injin na ruri, hannunsa duk tawada. Bai karanta ko layi ɗaya ba. Ya lashi yatsa ya ƙirga shafuka, ya ce, "Malam, kwafi nawa, kuma farar takarda ko ta jarida?" Da idonsa ya faɗa kan ƴ ɗinmu ta Nijar mai lanƙwasa, sai ya ce injinsa bai san ta ba, zai mayar da ita irin tasu ta Najeriya. Shi ke nan gyaran da na samu. Na canja sefata zuwa naira, kuɗin bai kai rabin kuɗin bugun ba, na sayi tsarabar yara na kamo motar Daura kafin la'asar.