Ƙaunar Allah Cikin Kwanakin Annoba A Birnin Kartaj

 Yau za mu ba ku labarin ikilisiya ta zamanin dā, a wani birni na ƙasarmu ta Afirka, domin mu ga abin da addinin Kirista ya tsaya a kansa.

Sunan birnin Kartaj. Yana bakin Bahar Rum, kusa da inda birnin Tunis ya ke yanzu. A wancan zamani Romawa ke mulkinsa, yawancin mutanensa kuwa masu bautar gumaka ne. A cikinsu akwai wani mawadaci, masanin magana, sunansa Sifiriyan. Wajen shekara ta 246 ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma, ya rarraba dukiya mai yawa ga matalauta. Ba a daɗe ba masu bi suka naɗa shi Bishop na birnin.

A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya kafa doka, kowane mutum sai ya miƙa hadaya ga gumaka, a ba shi takardar shaida. Masu bi da suka ƙi, aka kulle waɗansu, aka kashe waɗansu. Waɗansu kuma tsoro ya kama su, suka yi musun Ubangiji. Sifiriyan kansa ya ɓuya, yana kiwon garken da wasiƙu, har ya komo a shekara ta 251.

Ana nan, wajen shekara ta 252, sai annoba ta faɗo wa Kartaj. Sifiriyan ya rubuta kamanninta: zawo, da amai, da gyambo a maƙogwaro, idanu su yi ja wur, ƙafafun waɗansu su ruɓe. Wani dikon nasa mai suna Fontiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce mutane suka riƙa gudu, suna yar da 'yan'uwansu a waje tun ba su cika ba, gawawwaki suna zube ko'ina cikin gari. Waɗansu kuma suka ɗora wa masu bi laifi, wai don sun ƙi gumaka ne masifa ta sauko.

To, ina abin da Sifiriyan ya yi? Ya tara jama'arsa, ya ce musu ba abin mamaki ba ne mutum ya yi jinyar nasa, gama kowa yana yin haka. Ya tuna musu koyarwar Yesu cikin Matta sura 5, cewa Uba na sama ba ya hana wa mugu rana ko ruwan sama, don haka ɗa sai ya ɗauki halin Ubansa. Nan da nan aka raba aiki. Mawadata suka kawo kuɗi, matalauta suka ba da ƙarfinsu. Suka yi jinyar masu ciwo, na cikin ikilisiya da na waje, ba su ware ko waɗanda suka tsananta musu jiya jiya ba.

Ku lura da tushen wannan abu. Sifiriyan bai ce maƙwabtan nan sun cancanta ba. Hujjarsa ita ce halin Allah. Manzo Yohanna ya koya mana cikin wasiƙarsa ta fari, sura 4, Allah ne ya fara ƙaunarmu, ya aiko Ɗansa saboda zunubanmu. Bulus kuma cikin Romawa sura 5 ya nuna Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. Wanda aka ƙaunace shi bai cancanta ba, da wane baki zai tambayi cancantar wani? Daga wannan rijiya dukan koyarwarmu ta ke ɗibar ruwa: gicciye, da gafara, da baftisma, da Jibin Ubangiji.

Ba Kartaj kaɗai ba. A Iskandariya ta Masar, Bishop Diyonisiyus ya shaida masu bi da yawa sun ɗauki cutar garin jinya, suka mutu. A birnin Rum, wajen shekara ta 251, ikilisiya tana ciyar da gwauraye mata da mabukata fiye da 1,500. Har a shekara ta 362 Kaisar Yuliyanus, maƙiyin bishara, ya rubuta yana kuka, wai masu bi suna ciyar da matalautansu duk da na masu bautar gumaka.

Romawa ba su sāka wa Sifiriyan da alheri ba. Ran 14 ga Satumba, shekara ta 258, zamanin Kaisar Baleriyan, aka sare kansa da takobi. Amma shi dā ma ba don lada daga wurin mutane ya yi aikin ba.

'Yan'uwa, mu ma mun san annoba. Mun san yadda sanƙarau kan shigo gari da bazara, mun san kwalara da damina. Ran da ta buga ƙofar maƙwabcinka wanda ba ya bin hanyarka, watakila ma ya taɓa zaginka saboda sunan Yesu, ka kai masa ruwa da kunu, ka taimaka a kai shi asibiti, ka kiyaye tsabta yadda likita ya faɗa, in ya rasu ka je ta'aziyya. Kada ka jira godiya tukuna.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka fara ƙaunarmu. Ka zuba ƙaunarka cikin zukatanmu ta wurin Ruhu Mai Tsarki, domin mu ƙaunaci na gida da na waje. Cikin sunan Yesu, Amin.