Sewanee: Tarihin Ƙwallo a Wata Ƙaramar Jami'ar Amurka

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu waiwayi tarihin wasan ƙwallo a wata ƙaramar jami'a da ke kan tsauni a jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. Sunanta Jami'ar Kudu, amma an fi saninta da sunan garin da take, wato Sewanee. Limaman cocin Episcopal ne suka kafa ta a 1857, sai dai yaƙin basasar ƙasar ya hana a soma karatu sai a 1868. Ƙwallon da muke nufi kuwa ba irin tamu ba ce ta ƙafa. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake rungumewa a sheƙa da ita a guje, abokan hamayya na ƙoƙarin kayar da mutum ƙasa.

A shekarar 1899 ɗaliban jami'ar gaba ɗayansu 326 ne. Garin ba shi da jama'ar da za ta cika fili, don haka kuɗin ƙofa ba ya isa ya riƙe ƙungiya. Abin da ta saba dogara da shi shi ne karawar da takan yi da Jami'ar Vanderbilt, sai ga shi a wannan shekara an kasa daidaitawa kan rabon kuɗin, wasan ya wargaje. Manajan ƙungiyar, wani ɗalibi ɗan shekara 20 mai suna Luke Lea, shi ya nemo mafita: tun da 'yan kallo ba za su hau tsauni ba, to a bi su har garuruwansu. Ya shirya tafiya a jirgin ƙasa ta kimanin kilomita 4,000, da wasa biyar cikin kwana shida.

Ranar 9 ga Nuwamba suka ci Jami'ar Texas 12 da nema a birnin Austin. Washegari a Houston suka ci Texas A&M 10 da nema, kashegarinsa kuma Tulane 23 da nema a New Orleans. Suka huta ranar Lahadi. Litinin suka lallasa Jami'ar Jihar Louisiana 34 da nema, Talata 14 ga wata suka rufe da Jami'ar Mississippi 12 da nema a Memphis. Maki 91 ke nan, ba a ci su ko ɗaya ba. Domin a gane nauyin abin, sai a tuna cewa a dokar wancan zamani mutum ɗaya ne ke kai hari kuma shi ke tsaron gida, wanda aka fitar kuwa ba ya komowa. Saboda haka mai rauni sai ya daure. A jirgi suke kwana, ana yi musu tausa, har ruwan sha daga tsauninsu suka ɗauko a ganguna. A ƙarshen kaka sun yi wasa 12 sun cinye duka, da maki 322. Auburn kaɗai ta iya cin su maki 10, ita ma ta sha kaye 11 da 10.

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi son bayarwa. Mu dai a ganinmu, abin lura shi ne cewa babu ce ta kore su daga gida, kuma ita ce ta ci gaba da bin jami'ar. (Shi Lea ya zama sanata a 1911, daga baya aka ɗaure shi a 1934 kan badaƙalar banki.) Daga shekarun 1920 manyan jami'o'in jihohi suka shiga gina filaye masu ɗaukar dubban jama'a, suna zawarcin gwanayen 'yan wasa. Da aka kafa ƙungiyar gasar jami'o'in kudu maso gabas, wato SEC, a ƙarshen 1932, Sewanee na cikin jami'o'i 13 da suka kafa ta, albarkacin tsohon suna. A 1935 ƙungiyar ta halatta bai wa ɗalibi tallafin karatu saboda iya wasa kurum. Daga nan gasa ta koma ta mai kuɗi, ƙaramar makaranta kuwa ba ta da abin zubawa. Tsakanin 1933 da 1940 Sewanee ta yi wasa 37 a wannan gasa, ba ta ci ko guda ba.

Alexander Guerry, wanda ya zama shugaban jami'ar a 1938, shi ya yanke shawarar da muke ganin ta fi tafiyar 1899 wuya, domin ba ta da tafi. Hanya biyu ce a gabansa: ko a karkatar da ɗan abin da ake da shi wajen sayen 'yan wasa, a sassauta sharuɗɗan shiga domin su, ko kuwa a haƙura da sunan. A 1940 Sewanee ta fice daga SEC, shekara guda bayan da Jami'ar Chicago, wadda ta fi ta girma da arziki nesa ba kusa ba, ta soke ƙwallon ɗungurungum. Sewanee ba ta soke ba. A 1946 ta daina ba da tallafin wasa, ta koma karawa da tsararrakinta. Har yau tana rukuni na uku na hukumar wasannin jami'o'in Amurka, inda doka ta hana irin wannan tallafi, kuma ɗalibanta na wasa a filin da aka soma amfani da shi tun 1891.