Ford Explorer: Tarihin koke-koke kan bodi da ginin motar

Ford Explorer na ɗaya daga cikin motocin iyali samfurin jif da aka fi saya a tarihin Amurka. Tun daga shekarar 1990 da ta shigo kasuwa, kamfanin Ford ya sayar da miliyoyinta, kuma a shekarar 2000 kaɗai an sayi kimanin 445,000 a cikin ƙasar.

Sai dai farin jinin motar ya tafi kafaɗa da kafaɗa da koke-koken masu ita a kan bodi da kuma ginshiƙan da ke riƙe da ita. Wasu daga cikin koke-koken sun kai ga kiranye, wato kiran da kamfani ke yi a dawo da motoci domin a gyara kyauta. Wasu sun kai gaban kotu, wasu kuma hukumomi sun bincika sun ce ba su ga haɗari ba.

Abin da ya raba waɗannan rukunoni shi ne tambaya guda: shin lahanin ya tsaya ne ga ɓata kyan mota, ko kuwa yana iya jawo asarar rai?

Asalin ƙirar motar

An ƙera Explorer ta farko ne domin ta maye gurbin Bronco II, kuma an ɗora ta a kan shasin ƙaramar a-kori-kura ta Ford Ranger. A irin wannan ƙira, ana gina shasi na ƙarfe daban, sannan a ɗaura bodi a kansa da kusoshi.

Ƙirar tana da ƙarfi wajen jan kaya da bin hanya mai gargada, amma tana sa mota ta yi tsayi, nauyinta ya taru a sama. Mota mai tsayi wadda tazarar tayoyinta ba ta da faɗi sosai ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan aka murɗa sitiyari kwatsam.

Ford ya shawarci direbobi su riƙa sa iskar taya a awo 26, alhali kamfanin Firestone mai ƙera tayoyin ya fi son awo 30. Wannan bambanci ya zama babban abin gardama daga baya.

Tayoyin Firestone da kifewar mota

A ƙarshen shekarun 1990 aka fara samun rahotannin cewa bayan tayar Firestone na ɓarewa yayin da mota ke gudu, musamman a wurare masu zafi. Idan hakan ta faru ga tayar baya, sai motar ta ƙwace wa direba, sau da yawa ta yi ta wuntsilawa.

Ford ya fara sauya tayoyin a Saudiyya a shekarar 1999, sannan a Malesiya da Tailan da Venezuela a shekarar 2000, kafin batun ya fito fili a Amurka.

A watan Agustan 2000 Firestone ya janye taya miliyan 6.5, waɗanda da yawansu an ƙera su ne a masana'antarsa ta garin Decatur. A watan Mayun 2001 kuma Ford ya ce zai sauya wasu miliyan 13, lamarin da ya zo daidai da wargajewar hulɗar kusan shekara 100 tsakanin kamfanonin biyu.

Hukumar kula da lafiyar motoci a manyan hanyoyin Amurka, NHTSA, ta danganta mutuwar mutane 271 da waɗannan tayoyi.

Kowanne daga cikin kamfanonin ya ɗora laifi a kan ɗan'uwansa. Firestone ya nemi a binciki ƙirar motar kanta, amma a watan Fabrairun 2002 hukumar ta ƙi, tana mai cewa bayanan da ke hannunta ba su nuna Explorer ta fi sauran motoci irinta kifewa ba idan taya ta ɓare.

Rikicin ya sa majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ake kira TREAD a shekarar 2000. Dokar ta tilasta wa kamfanoni sanar da hukuma duk wani kiranyen da suka yi a ƙasashen waje, ta kuma share fagen sanya na'urar da ke gargaɗin direba idan iskar taya ta ragu.

Ƙarfin rufi

Kifewar motocin ta jawo hankali ga wani sashe na bodi, wato rufi da ginshiƙan da ke tallafe da shi. Idan mota ta juye, ginshiƙan nan ne ke hana rufi danne mutanen da ke ciki.

A watan Yunin 2004, masu taimaka wa alƙali a wata kotu da ke San Diego a jihar Kalifoniya sun umurci Ford ya biya diyyar kusan dala miliyan 369 ga wata mata da ta shanye bayan Explorer ƙirar 1997 ta kife da ita, rufin ya rufta mata a wuya. Kotunan gaba sun rage kuɗin zuwa dala miliyan 82.6, kuma a shekarar 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar da Ford ya ɗaukaka.

Ford dai ya dage a kan cewa motar ta cika ƙa'idojin gwamnati na lokacin. Ƙa'idar, wadda ta samo asali tun farkon shekarun 1970, ta buƙaci rufi ya jure nauyin da ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar. A shekarar 2009 aka ɗaga ta zuwa ninki 3 ga motocin da nauyinsu da kaya bai wuce kilo 2,722 ba, aka kuma ce a riƙa gwada ɓangarorin rufin biyu.

Kafin nan Ford ya riga ya sauya ƙirar. Explorer ta 2002 ta zo da ƙarin faɗi tsakanin tayoyi da sabon tsarin ƙafar baya, kuma daga ƙirar 2005 aka sanya mata na'urar da ke taka birki da kanta idan ta ji mota na shirin kifewa.

Tsagewar ƙofar baya

Koken da ya fi yawa a bakin masu Explorer ƙirar 2002 zuwa 2005 shi ne na tsagewar faifan roba da ke ƙarƙashin gilashin ƙofar baya. Tsagar kan fito a tsaye, kusa da tambarin kamfanin, ko da babu abin da ya bugi motar. An ga irinta a Mercury Mountaineer da Lincoln Aviator, waɗanda ƙirarsu ɗaya da Explorer.

Roba da gilashin da aka manna ta a kai ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna idan zafi ko sanyi ya sauya, kuma wannan na cikin dalilan da aka bayar na tsagewar. Masu motocin sun yi ƙorafin cewa ruwa na shiga ta tsagar ya haifar da tsatsa, kana faifan na iya ɓallewa a kan hanya.

Ford ya ce lahanin na ado ne kawai, kuma bai yi kiranye a kansa ba. An haɗa ƙararrakin masu motocin a wata kotun tarayya da ke Kalifoniya, amma a shekarar 2015 alƙali ya yanke mafi yawan hukuncin a gefen Ford, saboda masu ƙarar ba su gamsar da kotu cewa tsagar na da haɗari ba.

Gilashin ƙofar kansa ya sha bamban. A shekarar 2004 Ford ya kira motoci fiye da 900,000 ƙirar 2002 da 2003, domin maƙalan da ke riƙe da gilashin na iya sakewa ya faɗo ko ya tarwatse.

Kumburin fenti da tsatsa

Wani koken da ya daɗe shi ne na kumburin fenti a bakin bonet. An ƙera bonet ɗin da alminiyam domin a rage nauyi, kuma a shekarar 2004 Ford ya aike wa dillalansa takardar bayani cewa ɓurɓushin baƙin ƙarfe kan gurɓata alminiyam kafin a fesa fenti, abin da ke sa ya ci daga ciki. Masu ƙirar da ta biyo baya sun ci gaba da irin wannan kuka. Ba a ɗauke shi a matsayin haɗari ba, don haka galibi mai mota ne ke biyan kuɗin gyara idan wa'adin garanti ya wuce.

Tsatsar ƙarƙashin mota ta fi wannan muni. A jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo, da kuma gabashin Kanada, ana watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu domin ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin na maƙalewa a lunguna da mahaɗan ƙarfe, ya riƙa cin su shekara da shekaru ba tare da an gani daga waje ba.

Hayaƙi a cikin mota

A ƙirar 2011 Ford ya yi watsi da shasi mai zaman kansa, ya koma ga ƙirar da bodi da ginshiƙai suke a haɗe wuri guda, kamar ta ƙananan motoci. Motar ta ragu da tsayi, ta kuma fi zama daram a kan hanya.

Amma ba da jimawa ba direbobi suka fara kukan jin warin hayaƙin salansa a cikin mota, musamman idan an taka totur sosai alhali na'urar sanyaya wuri na juya iskar ciki. Wasu sun ce sun yi fama da ciwon kai da jiri. Abin tsoro a nan shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana iya sumar da mutum.

NHTSA ta buɗe bincike a watan Yulin 2016. Shekara guda bayan haka, rundunar 'yan sandan birnin Austin a jihar Teksas ta ajiye motocinta kusan 400 samfurin Explorer. A watan Oktoban 2017 Ford ya yi tayin duba motoci kimanin miliyan 1.4 kyauta, ya sauya bawul ɗin da ke fitar da ruwa a ƙofar baya, ya kuma toshe kafofin da hayaƙi ke iya bi, duk da cewa ya ce motocin ba su da haɗari.

A watan Janairun 2023 hukumar ta rufe binciken ba tare da ta umurci kiranye ba, bayan ta duba koke-koke fiye da 6,500. Ta ce inda aka auna iskar da yawa shi ne a motocin 'yan sanda da aka huda domin sanya fitilu da jiniya, da kuma motocin da aka gyara bayansu sakamakon haɗari ba tare da an liƙe mahaɗan yadda ya kamata ba.

Ƙafar baya da sassan da ke ɓallewa

A watan Yunin 2019 Ford ya kira motoci miliyan 1.2 ƙirar 2011 zuwa 2017, saboda sandar ƙarfen da ke daidaita tayar baya na iya karyewa, mota ta ƙwace. A watan Yulin 2021 ya sake kiran kimanin 775,000 a faɗin duniya a kan wannan sanda, inda ya ce mahaɗin da ke kusa da ita kan cije, musamman a yankunan da tsatsa ta yi yawa.

A shekarar 2021 ɗin dai an kira kimanin 661,000 ƙirar 2016 zuwa 2019, domin murfin sandunan ɗaura kaya na kan rufi na iya tashi yayin tafiya. A watan Janairun 2024 kuma aka kira kusan miliyan 1.9 ƙirar 2011 zuwa 2019 a Amurka, saboda robar da ke gefen gilashin gaba kan ɓalle ta yi sama.

Waɗannan sassa biyu na ado ne, kamar faifan ƙofar baya da kotu ta yi watsi da ƙararsa. Abin da ya sa aka ɗauke su da muhimmanci shi ne hujjar da ta taru cewa suna ɓallewa a tsakiyar hanya, inda za su iya bugun motar da ke biye.

Sabuwar ƙirar da ta fito a 2020 ma ba ta tsira ba. A shekarar 2022 an kira kimanin 253,000 saboda kusar da ke riƙe da aksil na baya na iya karyewa, har mota ta gangara bayan an ajiye ta. Gyaran farko ya tsaya ne ga sauya manhajar birkin ajiye mota, kuma da koke-koke suka ci gaba, Ford ya sake yin kiranye a 2023 domin a sauya sassan kansu.

Idan motar ta tsallaka teku

Ɗimbin motocin hannu daga Amurka da Kanada na shigowa Afirka ta Yamma ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome, kuma Explorer na cikinsu. Wani kaso na waɗannan motoci kamfanonin inshora ne ke gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya, sai a gyara su kafin a kai su kasuwa.

Wasiƙar kiranye kan je ne ga wanda sunansa ke rajista a ƙasar da aka fara sayar da motar. Saboda haka mai saye a Kano ko Maraɗi ba ya samun labari, kuma mota na iya isowa da lahanin da ba a taɓa gyarawa ba.

Akwai hanyar da za a bi a sani. Kowace mota na da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Tun shekarar 2014 NHTSA ta buɗe shafi a intanet inda ake shigar da lambar, kyauta, a ga ko akwai kiranyen da ba a kammala ba.

Lambar ba ta nuna tsatsa ko ingancin gyaran da aka yi bayan haɗari. Wannan sai an ɗaga motar, bakanike ya duba ƙafar baya da mahaɗan ƙarƙashi, mai gyaran bodi kuma ya duba ginshiƙan rufi da liƙin ƙofar baya, domin sabon fenti na iya ɓoye walda.

A ƙarƙashin dokar Amurka, wajibi ne kamfani ya yi gyaran kiranye kyauta ga motar da ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba. Wannan haƙƙi na aiki ne a cikin Amurka, don haka wanda ya sayi motar a wata ƙasa galibi shi ne ke ɗaukar nauyin gyaran.