Yadda Tausa Ta Zama Sana'ar Makafi a Japan

A garuruwan Japan na da, idan dare ya yi aka ji sarewa tana ratsa lungu, kowa ya san mai tausa ne ke wucewa. Makaho ne, da sandarsa a hannu, yana busa don mai ciwon baya ko wanda gajiya ta kayar ya leƙo ya kira shi. Anma suke ce wa wannan tausa. Asalinta daga Sin ta shigo musu, amma a hannun makafi ta zauna, kuma yadda aka yi hakan ya daɗe yana burge ni.

Labarin ba ya cika sai an ambaci Sugiyama Waichi, wanda aka haifa a 1610. Tun yana yaro ciwo ya tafi da idanunsa. Ya je Edo, wato Tokyo ta yau, don koyon maganin allura, wato soka siraran allurai a jiki, ubangidansa ya sallame shi saboda wai ba shi da hannu. Wannan korarren ɗalibi shi ne ya fito da dabarar zura allura a cikin ɗan siririn bututu, a ɗora bakin bututun a kan fata, a ɗan ƙwanƙwasa kan allurar da yatsa, ta shige daidai ba tare da an buƙaci ido ba. Har gobe da wannan dabara masu allura suke aiki a Japan. Ya yi wa mai mulkin ƙasar, Tokugawa Tsunayoshi, magani ya ji daɗi, kuma da goyon bayansa Sugiyama ya buɗe makarantar koya wa makafi allura da tausa. Kafin rasuwarsa a 1694 ya zama babban shugaba a cikin makafi.

A ganina makarantar nan ta fi bututun muhimmanci. Ilimin da ke hannun mutum ɗaya tare ake binne su, amma Sugiyama ya mayar da nasa darasi mai tsari, almajiransa suka buɗe rassa.

Makafin suna da ƙungiyarsu, Todoza, mai matakan girma huɗu, tana hukunta 'ya'yanta da kanta, har hukuma ta yarje musu bayar da bashi da ruwa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, don mu ma muna da Sarkin Makafi da fadawansa, kuma an san makafinmu da tufkar igiya. Bambancin shi ne a can hukuma ta tsaya wa sana'ar. Amma a 1871 sabuwar gwamnatin Meiji ta rusa ƙungiyar, makafi da yawa suka faɗa cikin ƙunci. Makarantun zamani ne suka ɗago su: ta Kyoto a 1878, ta Tokyo a 1880, sannan a 1890 aka amince da rubutun makafi na ɗigo-ɗigo da Ishikawa Kuraji ya daidaita da harshensu. A 1911 aka kawo lasisi, aka ware wa makafi jarrabawa mai sauƙin sharaɗi.

Koyon ba wasa ba ne. Malami yakan kama hannun ɗalibi ya ɗora a kafaɗar wani, ya bi da shi gefen ƙashi har yatsa ya gane inda tsoka ta ƙulle. Babban yatsa shi ne jari. Ɗalibi zai yi ta danna tabarmar ɗaki har yatsan ya saba ɗaukar nauyin jiki, don da nauyin jiki ake dannawa, wanda ya dogara da ƙarfin hannu ba ya daɗewa a aikin. A yau sai mutum ya gama sakandare ya yi shekara 3 yana karatun ƙashi, jijiya, tsoka da cututtuka, sannan ya ci jarrabawar ƙasa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawan da suka mamaye ƙasar sun so hana maganin allura. Makafi da malamansu suka tashi tsaye, maganar ta mutu, aka yi dokar 1947 da ta tsara sana'ar. A 1964 aka ƙara sashen da ya ba gwamnati ikon hana buɗe sababbin makarantun tausa na masu gani idan za su toshe wa makafi hanyar abinci. Masu makarantu sun kai ƙara, kuma a watan Fabrairun 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da sashen. Ina tare da hukuncin nan ɗari bisa ɗari. Mai ido yana da ƙofofi dubu.

Abin da ke damuna shi ne shagunan da suka cika tituna da sunan wartsake gajiya. Ma'aikatansu ba su da lasisi, ba su yi shekara ukun nan ba, kuma tunda ba su kira aikinsu magani ba, doka ba ta cika kama su ba. Su ne suke kwashe kasuwar da kotu ta ce a bar wa makafi.