Daga disfensa zuwa famasis: wa ke ba ka magani?

In ka shigo Kilomita Biyar ka sayar da bijimi, kafin ka koma ruga sai ka biya wurin mai tebur ka sayi maganin sammore da na zazzaɓin yara. To, ka taɓa tambayar inda ya koyi aikin?

Wannan sana'a tana da tarihi. Kakanninmu sun koyi sassaƙe da saiwa a gaban iyaye, shekara da shekaru. Da Turawa suka zo, Faransa ta buɗe makarantar likitanci a Dakar a 1918, tana horar da mataimakan likita da masu haɗa magani. Ingila kuma ta buɗe makarantar haɗa magani a Zariya a 1930. Waɗanda suka fito daga can su ake kira disfensa: likita ya rubuta, su auna su haɗa. Nan Bangi kuwa sai 1969 aka kafa jami'a.

Yau matakan sun ƙaru. A Najeriya ɗalibi yakan yi shekara 5 ko 6 a jami'a, ya yi shekara guda ta gwaji ƙarƙashin babba, sannan hukuma ta yi masa rajista. A tsarin Faransa shekara 6 ce aƙalla bayan bakaloriya. Mai son binciken yadda magani ke aiki a jiki sai ya ƙara digiri na biyu da na uku.

Dubi Dora Akunyili. Ta gama digirin farko a Nsukka a 1978, ta sami na uku a 1985, ta koyar a jami'a, sannan a 2001 aka ba ta hukumar NAFDAC ta Najeriya. 'Yar'uwarta ta rasu sanadin jabun allurar ciwon suga, shi ya sa ba ta raga wa 'yan jabu ba.

Ka tuna 1995, lokacin sanƙarau a Nijar? Dubban mutane aka yi wa rigakafin jabu.

Ɗan'uwa, mai tebur bai taka ko mataki ɗaya ba, kuma kayansa a rana suke yini. Allura ba daidai awo ba kan sa sammore ya daina jin magani, garke ya rame. Maganin mutum, je famasi mai rajista. Na dabba, nemi malamin dabbobi. Duba ranar lalacewa kafin ka biya. In kana da yaro ko yarinya mai kan lissafi, bar shi ya yi karatun nan. Allah ya tsare mu da dukiyarmu.