Yadda Rashawa Suke Kiran Taro, da Wahalar Juya Shi da Turanci

Kowace al'umma tana da kalmar da mai magana yake fara jefa wa taro kafin ya shiga jawabinsa. Mu nan sai mu ce, "Jama'a, salamu alaikum," kowa ya natsu. A ƙasar Rasha kuwa wannan kalma ta sake fiye da sau ɗaya cikin shekara ɗari, kuma duk sa'ad da ta sake, to, mulki ne ya sake hannu. Saboda haka tafintocin da suke juya jawaban Rashawa da Turanci suka sha wahala ƙwarai, don sau da yawa sukan sami kalmar da ta yi daidai a ma'ana, amma nauyinsu ba ɗaya ba.

Kafin shekarar 1917 Rasha tana hannun sarki ne mai laƙabi Tsar, mutane kuwa hawa-hawa suke. Akwai masu sarauta, da malaman coci, da attajirai, da manoma, waɗanda da yawansu kamar bayin gandu suke har 1861, sa'ad da Sarki Alexander na Biyu ya 'yanta su. In manya suka taru, akan ce musu "gospoda". Mutum ɗaya shi ne "gospodin", watau ubangida, kuma tushensa ɗaya da "Gospod", sunan da suke kiran Allah da shi, kamar yadda ubangida da Ubangiji suke kusa da juna a Hausa. Turawan Ingila suka fassara "gospoda" da "gentlemen", "gospodin" kuwa da "Mister". A zamanin nan fassarar ba ta da laifi.

A watan Maris na 1917 Sarki Nikolas na Biyu ya sauka daga gadon sarauta. Nan da nan masu jawabi a tituna suka koma cewa "grazhdane", watau 'yan ƙasa, suna koyi da mutanen Faransa da suka yi haka bayan juyin mulkinsu na 1789. A watan Nuwamba na shekarar, Lenin da jama'arsa suka ƙwace mulki, suka kafa doka ta soke hawa-hawan nan da laƙabobin sarauta duka, aka ce kowa ɗan ƙasa ne kurum. Amma kalmar da ta fi ƙarfi a bakinsu ita ce "tovarishch", jam'inta "tovarishchi". Asalinta daga "tovar" ne, watau kayan ciniki, ma'anarta ta farko kuwa abokin fatauci. Turanci yana da "comrade", wadda asalinta abokin kwana a ɗaki ɗaya ne, sai aka haɗa su.

To, ga inda gizo yake saƙar. A Tarayyar Sobiyat, ƙasar da 'yan kwaminis suka kafa, "tovarishch" ta zama kalmar kowa da kowa, ana faɗa wa namiji, ana faɗa wa mace, a ofis, a kanti, a cikin jirgin ƙasa. Amma Bature na Ingila ko Amurka in ya ji "comrades", abin da zai faɗo masa a rai shi ne taron jam'iyya. Ka ga fassarar ta yi nauyi fiye da kima. "Gospodin" kuma sai ta juye. Aka bar ta ga baƙi daga ƙasashen 'yan jari-hujja, in kuwa aka faɗa wa ɗan gida, to, ba'a ce ko zargi, wai shi magabcin ma'aikata ne. In tafinta ya ce "Mister", dafin ya zube, ba wanda zai gane an yi zagi.

Haka nan "grazhdanin", tilon "grazhdane". Takwararta "citizen" kalmar girma ce a Turanci. A Sobiyat kuwa ita ce ɗan sanda yake kiran wanda yake tuhuma da ita, kuma ɗan kurkuku ba shi da izinin ce wa mai tsaronsa "tovarishch", sai "grazhdanin". Mutumin da aka saba ce masa aboki, ranar da hukuma ta ce masa ɗan ƙasa, ya san ƙasa ta fara zame masa.

Babban misali shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Ran 22 ga Yuni, 1941, sojojin Hitila suka faɗa wa Tarayyar Sobiyat. Stalin, shugaban ƙasar, bai yi wa jama'a magana ba sai ran 3 ga Yuli. Da ya hau rediyo ya fara da "tovarishchi", ya bi da "grazhdane", sa'an nan ya ce, "'Yan'uwa maza da mata." Wannan kira na ƙarshe irin na malaman coci ne, ga shi kuwa gwamnatinsa ta rushe coci-coci masu yawa, ta kashe malamansu. Shi kansa ya yi karatu a makarantar horon malaman coci a Tiflis yana saurayi. Rashawan da suka saurara sun gane wuya ta yi wuya, har mai mulki ya koma neman jama'a da harshen kakanninsu. Mai karanta "brothers and sisters" a jaridar Landan kuwa, sai ya ɗauka lafazi ne mai daɗi kawai.

A watan Disamba na 1991 Tarayyar Sobiyat ta wargaje. "Tovarishch" ta ja baya, ko da yake sojojin Rasha ba su bar ta ba, "gospoda" kuma ta komo wajen taron attajirai. Shugaba Boris Yeltsin ya shahara da cewa "rossiyane". Rashanci yana da kalma biyu: "russkie" su ne ƙabilar Rashawa, "rossiyane" kuwa duk 'yan ƙasar ne, har da Tatar da Bashkir da Cecen, waɗanda yawancinsu Musulmi ne. Turanci kuwa kalma ɗaya gare shi, "Russians", don haka bambancin da shugaban ya nufa yakan ɓace wajen juyi.

Abin lura a nan, ya mai karatu, shi ne ƙamus kaɗai ba ya isar tafinta. Sai ya san wanda ya yi magana, da wanda aka yi wa, da shekarar da aka yi ta. Kai ma in ka karanta jawabin wani shugaba da aka juya daga wani harshe, ka tsaya a kan kalmar farko, ka tambayi abin da mutanen ƙasarsa suka ji a cikinta.